Bikin da Ba Amarya

Daga ƙanwarki Sa'a a Abekuta, zuwa ga Yaya Murja a Yashe. Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ƙafarta? An yanke gero?

Yaya, na ga abin mamaki! Maƙwabciyata Bayarabiya ta gayyace ni biki a ƙofar fada. Kin san ba a zuwa biki hannu rabbana, sai na dama fura, na ci ado. Na tarar da mata kamar ƙasa, sun rufe kasuwa, sun shimfiɗa tabarmi, suna ta waƙar zambo. Na ce, "Ina amaryar?" Suka kwashe da dariya. Ashe hukuma ta hana su taro, shi ne suka sa masa suna biki. Sun rantse ba su tashi sai an bar mata su jefa ƙuri'a kamar maza! Nan na wuni, har amshi na yi.

'Yan sanda sun watsa wani hayaƙi mai yaji. Idona na ɗan ruwa har yanzu, amma da sauƙi, kada Inna ta ji. Maigidana kuwa ya yi fushi, amma zai huce.

Allah shi sada mu da alheri. Ki aiko mani da daddawa, ki kuma adana ƙwaryar kiɗanmu. In na dawo, Yashe ma akwai biki.