Ta Gida Ba Ta Gudu

Zuwa ga Sha'ibu, sanyin idaniyata, inuwar gawo a tsakar rani, dabinon kwari da ake hangowa daga kan tudun rairayi, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona! Ya Mushe, malamin makarantar da yara ke tsoro, ni kuwa nake yi wa dariya, ina gaishe ka da gaisuwa irin taka, doguwa, wadda ba ta tsallake kaza balle akuya. Ya aiki? Ya 'yan lakwal, ɗaliban naka? Ya zaman Kelle babu kuran, babu ko ƙwan lantarki? Kakarka Ya Kaka tana lafiya, tansiyonta, hawan jinin nan, ya sauka, bakinta ne dai har yanzu bai sauka ba.

Bayan haka, labari biyu na kawo maka, kuma zan faɗe su a jere kamar yadda nake faɗa wa mata sakamakon awo. Na farko, Manjo, shugaban asibitinmu, ya kira ni ofishinsa ya ce wa'adina a Gure ya cika: ko in nemi a bar ni nan, ko a mayar da ni wajen iyayena a Konni, kuma yana son amsa kafin ƙarshen wata. Na biyu, na ƙare wasanka na ordinata, wato kwamfuta. In a tsaye kake karanta wannan, nemi wuri ka zauna, don na san na biyun ne zai fi girgiza ka.

Ka tuna ranar da na fara ganinka, hasken zuciyata? Ina sabuwar zuwa garin nan, na shigo gidanku bayan la'asar in gwada wa Ya Kaka tansiyo, sai na tarar da ƙaton namiji a gindin itacen bedi, ya kife turmi ya ɗora ordinata a kai, yana ce wa allo sannu baba. Na ɗauka wani kake kira. Ashe wani tsoho ne na cikin wasan ya tsayar da kai, kai kuma tarbiyya ta hana ka wucewa ba sallama. A ranar ka yi mini bayani: wani dodo ne ya toshe kogin wata ƙasa, kai ne saurayi mai takobin da zai je ƙarshen duniya ya kashe shi ruwa ya dawo. Ka ce irin wannan wasan ba a gama shi a zama ɗaya, watanni yake ci, kuma da yawa sukan bar shi a hanya kamar wanda ya share gonar da ta fi ƙarfinsa. Na ce to Allah Ya ba da sa'a, na naɗe abin awona. Ban san cewa ni ma na shiga layin masu jiran ruwan ba.

Wayyo, masoyina, wane irin jarumi ne kai! Ƙasa tana mutuwa da ƙishirwa, kai kana bin awakin wata tsohuwa da suka ɓace. Maƙeri ya ce a samo masa ƙarfe, ka tafi. Mai jaki ya ce a raka shi kasuwa, ka raka shi, har ka tsaya a yi ciniki. Duk wanda alamar buƙata ta fito a kansa, sai ka je ka ji damuwarsa tun daga tushe, kana karanta mini Faransancin kana girgiza kai kamar ɗan'uwanka ne. Na sha gaya maka cewa mutanen nan zane ne, ba za su kai ƙararka wajen kowa ba. Amsarka kullum ɗaya ce: ba a haife ka a gidan da babba zai aiki yaro ya ce yana sauri ba. Na yarda, don na ga haka a zahiri ma, ba a allo kaɗai ba. Wa ya taɓa fitowa daga gidanku zuwa tasha tare da kai ya samu motar farko?

Kuma kada ka ɗauka kuka nake yi da wannan hali. Shi ne ya sa na so ka. A wurin aikina na ga mazan da ke ajiye mace a ƙofar matarnite, ɗakin haihuwa, su juya moto ko waiwaye babu, don haka da na ga wanda ke tausayin tsohuwar da ba ta da rai ma, zuciyata ta ce ga wurin zama. Ina son ka, Sha'ibu, so irin wanda ba ya buƙatar a yi masa kirari, ko da yake ga shi ina yi.

Sai dai akwai aike ɗaya da ban manta ba. A cikin abokan tafiyar jaruminka akwai yarinya mai jakar magani, wadda ke ɗaure masa rauni duk lokacin da aka sare shi. Wasan ya ba ka damar raɗa mata suna, ka dube ni ta gefen ido, ka rubuta Lailatu. Na yi kamar ban gani ba, amma ranar ko tuwon kirki ban iya ci ba don murna. Da tafiya ta yi nisa, yarinyar ta roƙi abu ɗaya tak: a raka ta bayan wani dutse, ƙauyensu, ta gabatar da jarumin ga mahaifinta. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba. Alamar ƙauyen ta fito a taswira, 'yar ƙarama, tana ƙyalli. Na ce maka mu je mana. Ka ce a bari a gama da na mutane tukuna, ita ai ta gida ce, ta gida ba ta gudu. Ka juya linzami, muka tafi neman wa wani baƙo takalminsa.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbin gero, alamar nan tana nan tana ƙyalli. Jaruminka ya yi ƙarfin da ko zaki ya gan shi sai ya canza hanya, jakarsa ta cika da tarkacen da ba za a taɓa amfani da su ba. Har ka kai ƙofar ƙarshe, wadda aka rubuta a jikinta cewa wanda ya shiga ba ya dawowa, kowa ya kammala harkokinsa kafin ya taɓa ta. Sau nawa muka tsaya a gabanta? Sau nawa ka ɗora yatsa, sannan ka tuna da wani mai rijiya da ka yi wa alkawarin igiya? Na lura ba dodon kake tsoro ba. Ƙarewar ce ba ka so, don muddin ba a ƙare ba, ba a ce ka bar kowa a baya ba. Ana cikin haka aka buɗe lakwal, aka tura ka Kelle, ka bar ordinatar a ɗakin Ya Kaka saboda can babu wurin sharji.

To, ranar Lahadin da ta wuce ba ni da gadi a asibiti. Na je gaishe da tsohuwa, na ga na'urar a lulluɓe da zane kamar amarya, na kife turmin nan na kunna. Ni ungozoma ce, aikina ya koya mini cewa abin da ya kai lokacinsa ba a ce masa jira. Na tura ƙofar na shiga. Dodon ya kashe ni ya fi a ƙirga, don yatsuna sun saba da allura, ba su saba da takobi ba, Ya Kaka kuma tana gefe tana zaginsa har kakanninsa. Kafin a kira magariba ya faɗi. Ba gwanintata ba ce, ƙarfin da ka tara ne ya yi aikin, ni dannawa kawai na yi.

Ka so ka ga abin da ya biyo baya, farin watana! Kogi ya ɓalle, ƙasa ta yi kore, aka yi gagarumin biki. Duk wanda ka taɓa yi wa aike ya zo: tsohuwa da awakinta, maƙeri, mai jaki, har baƙon nan sanye da takalminsa. Suna ta yi wa jaruminka godiya ɗaya bayan ɗaya, abin gwanin ban sha'awa. Ni kuwa ina ta duba cikin taron ina neman mai sunana. Babu ita. Can da kiɗa ya lafa, sai rubutu ya fito a kan baƙin allo, layi biyu kacal. Wai ta jira har ta gaji, wata safiya ta ɗauki jakarta ta haye dutsen ita kaɗai, kuma ba a sake jin labarinta ba.

Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Zane ce, na sani, ni ce ma mai gaya maka haka, amma sai da na yi ta maimaita karanta layukan nan biyu. Da na fassara wa Ya Kaka, ba ta zagi kowa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce kawai yarinyar ta yi hankali, ta tashi ta ɗauki butarta.

Kwantar da hankalinka, ban taɓa ajiyar wasanka ba. Na kashe ba tare da na adana nawa a kan naka ba, don haka jaruminka yana nan tsaye a bakin ƙofa inda ka bar shi, mai maganin tana bayansa, alamar ƙauyensu tana ƙyalli. Wasa yana da wannan kirkin, yana barin mutum ya koma baya ya gyara. Manjo ba shi da shi. Mahaifina Malam Jibirilla ma ba shi da shi sosai, don a waya ta ƙarshe ya tambaye ni wane ne wannan Sha'ibun da ya gaishe da Damagaram kaf amma hanyar Konni ta ɓace masa. Na ce malami ne mai yawan hidimar jama'a. Ya ce madalla, shi ma jama'a ne.

Ba na roƙonka ka canza hali, ya abin alfaharina. Ina so dai ka sa ni a layin baƙi na rana ɗaya, tunda su ne ake fara sallama. Hutu ya kusa. Baffanka Usmanu ya gaya wa Ya Kaka cewa babbar rigarsa ta zuwa neman aure a wanke take tun bara, kai yake jira. Gudiro ne, kwalta shimfiɗe, tun daga Gure har ƙofar garinmu, babu dodo a hanya. Za ka haɗu da masu neman aike a kowace tasha, na sani, ka ɗaga musu hannu ta taga. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, to an daɗe, Sha'ibu.

In ka zo, zan ce wa Manjo a bar ni, in tsufa a garin nan ina jiranka kana gaisawa da mutane a hanya, kuma wallahi ba zan gaji ba. In ba ka zo ba, ba zan yi fushi ba, ba zan kuma so wani ba, don zuciyata ba ta iya aiki biyu. Ka yi gaskiya, ta gida ba ta gudu. Na ga yadda take yi: a hankali take ninke kayanta, ta yi sallama da kowa, ta ɗauki jakarta. Tawa jakar tana kan kabad, na sauke ta jiya na kakkaɓe ta, ban dai sa komai a ciki ba tukuna.

Taka ce ni har ranar da za a rufe mini ido, a duk inda nake. A Gure kuwa, har ƙarshen wata.

Lailatu