Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Faifan Wankan Gawa?

Zuwa ga Alhaji, mai shagon ɗaukar bidiyo da buga faifai na bakin hanyar kasuwa, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Da gangan na ɓoye sunanka da nawa. Kai ka san kanka, ka kuma san ni: ni ce matar nan ta Islamiyyar matan aure ta Takur, wadda ta yi ta sintiri a shagonka har ma'aikatanka suka daina ba ta kujera. Kullum na je sai a ce ka tafi Kano. Maigidana ya je, shi ma haka aka ce masa. Ni ba mai son tonon silili ba ce, amma akwai abin da na kasa ganewa, kuma tunda ba a samunka a shago, ƙila a same ka a jarida.

Bari in yi wa masu karatu bayani. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan mata suka tashi neman ilimi, alhamdu lillahi. Amma a ƙauyukan Miga da Taura, inda yawancinmu muka fito, har yau idan mace ta rasu sai an sha wahala kafin a sami wadda ta iya wanka yadda ya kamata. Malamarmu ta iya, sai dai dattijuwa ce, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Shi ya sa muka yi shawara a ɗauke ta a bidiyo tana koyar da wankan gawar mace, tun daga haɗa ruwan magarya har ɗaurin likkafani, a buga faifai mu raba wa makarantun mata.

Dole a sami wadda za ta kwanta a matsayin mamaciya. 'Yan mata suka noƙe, iyayensu mata suka ce wai wanda ya kwaikwayi gawa ba ya nisan kwana. Na ce musu wannan camfi ne, ajali a hannun Allah yake, kuma abin kunya ne a ji shi a bakin ɗalibai. Na kawo 'yata ta tsakiya, mai aji biyar a sakandare. Ta kwanta cikin suturarta, aka rufa mata zane. Wuri ɗaya kawai aka buɗe mata kai, inda Malama ta nuna yadda ake warware gashi a wanke, a yi masa kitso uku a mayar baya. A kan wannan wuri nake rubuta maka.

1. Sharuɗɗa biyu muka gindaya maka. Na farko, kada namiji ya shiga ɗakin. Na biyu, faifan ya zama wanda ba ya kwafuwa, don kada ya faɗa hannun masu ba da hayar faifai da zauna-gari-banza. Na farkon ka cika shi, ba zan ci haƙƙinka ba. Ka kafa na'urar ɗaukar hoton a kan marikinta mai ƙafa uku, ka nuna wa ɗaya daga cikin malamanmu mata inda za ta danna, ka fita ka zauna a mota har muka gama. Ranar mun sa maka albarka. Na biyun kuma ka ce akwai sabon faifai mai suna dibidi, ana yi masa kulle a Kano. Ga abin da ka ce mini: "Hajiya, in an kulle shi ko aljani bai isa ya kwafa ba." Muka biya abin da ka yanka, ka tafi da kaset ɗin da aka ɗauka, wanda shi kaɗai ne a duniya.

2. Ka ce kafin azumi za a kawo. Azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar sallah, ga shi har maniyyata sun fara shirin tafiya. Da farko an ce mini injin kullen ne ya lalace. Daga baya aka ce mai injin ya tafi umara. Sai aka ce ai an gama, an ba wani direba kwalin a tasha, amma ya sauya hanya bai biyo ta Dutse ba. Da na koma sai wani ma'aikacinka ya ce ba a ma fara bugawa ba tukuna. Alhaji, wanne zan kama? Idan ba a buga ba, me aka ba direba? Idan kuwa an ba shi, kwalin yana hannun wa yanzu?

3. Ana nan sai aka aiko mana da faifai biyu, wai na gwaji. Muka tara mata a makaranta, muka tayar da janareta, aka ɗauko Malama a kujera. Muka sa faifai, allo ya yi shuɗi, ya rubuto da Turanci cewa babu faifai a ciki. Na yi sakandare, na karanta da idona. Muka goge shi da gefen mayafi, muka sake sawa, haka. Na kai gidana, haka. Na kai gidan maƙwabta, haka. Malama ta ce, "To, 'yan nan, ashe mu aka kulle wa." Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba.

4. Wannan shi ne babban abin. Na ɗauki faifan na kai shagonka, na ce ba ya yi. Ma'aikacinka ya ce na'urorinmu ne tsofaffi, na sidi ne, ba sa cin dibidi. Kafin in ce wani abu ya karɓa ya zura a taku na'urar, wadda allonta ke kallon titi, ga maza zaune a benci suna jiran aikinsu. Nan take hoto ya fito. Ban san lokacin da na tsallake kanta na baza hijabina na rufe allon ba, ina cewa ya kashe, shi kuwa yana neman abin kashewa yana cewa, "Hajiya, ai ga shi yana yi!"

A ɗan abin da na gani ta ƙarƙashin hijabin, ba yadda muka ɗauka yake ba. An sa rubutu a farko. An yanke inda Malama ta yi tari. Inda ake kitson nan kuma an matso da hoton kusa, har fuskar yarinyar ta cika allo. Na tambayi ma'aikacin wa ya yi wannan. Ya ce ai tacewa ce, dole sai an tace kafin a buga, kuma mai tacewa sai ya bi hoton a hankali, ya koma baya, ya sake bi. Na ce mace ce? Ya dube ni kamar na yi wani yare.

Alhaji, to mene ne amfanin zamanka a mota? Mun rufe ƙofa, mun saki labule, mun sa mace ta danna na'ura, muna ganin mun tsare mutuncin yarinya. Ba wanda ya gaya mana cewa bayan ɗakinmu akwai wani ɗakin. Mu ba mu san aikin ba, amma kai ka sani, ka kuma ji sharaɗinmu da kunnenka.

5. Na kai maganar wurin ƙanena da ke aikin kwamfuta. Na ce masa ko ba komai tunda an kulle, iyakacinsa waɗanda suka riga suka gani. Ya ce, "Yaya, kullen nan mai kwamfuta yana iya buɗe shi kafin ki idar da sallah. Kuma shi kaset na asali ai ba kulle a jikinsa." Tun daga nan kaina ya ɗaure. Ni kullen da na sani yana da mabuɗi, mabuɗin kuma yana hannun mai ɗaki. Wannan wane iri ne, da ya hana Malama gani, ya hana matan Miga gani, amma ya buɗe wa mazan benci? Ko ƙanena ne bai sani ba? Ko kai ma gaya maka aka yi ka gaya mana? Wallahi ban sani ba, kuma na fi son a ce ni ce ban fahimta ba.

Ina tuna maka cewa abin da muka ba ka amana ce, kuma za a tambaye ka a kanta ranar da ba a cewa an tafi Kano. Zamani ya kawo na'urori, amma bai sauya hukuncin gashin 'ya mace ba. Sana'ar da ake shiga da ita gidajen mutane tana buƙatar tsoron Allah fiye da gwaninta.

Ga abin da nake roƙo. A dakatar da bugun, mun yafe faifan. Ka je da kanka ka karɓo kaset na asali, ka damƙa shi a hannun Malama, kada a ba direba. A goge abin da ke cikin kwamfutar mai tacewa a gaban idonka. Idan akwai kwali a tasha, a nemo shi. Sannan ka zauna da maigidana ka gaya masa gaskiya, hannu nawa abin nan ya bi. Ga 'yan'uwana mata masu makarantu kuma, kafin ku ba da hoton 'ya'yanku, ku tambayi wanda zai gani bayan an fita daga ɗaki.

Tun ranar shagon nan na hana yarinyar zuwa kasuwa, na hana ta bin hanyar da ta saba bi zuwa makaranta. Duk namijin da ya dube ta a titi sai in ce ko ya ga hoton ne. Ban gaya mata dalili ba. Shekaranjiya tana tankaɗe ta ɗago ta ce, "Umma, wai laifin me na yi?" Na ce ta ci gaba da aikinta. Ba ta yi laifin komai ba, Alhaji, cewa aka yi ta kwanta ta kwanta. Amsar da zan ba ta tana wurinka, kuma ina jira.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya sa albarka a sana'arka ta halal, ya suturta 'ya'yanka mata duniya da lahira.

Wassalam.

Wata uwa,
Takur, Dutse.