Kindirmon da Na Tafasa

Agege, Legas
3 ga Maris

Zuwa ga Maman Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki? Ya Inna da Kausar? Tunda ba kya ɗaukar wayata, na ba Nata'ala, direban motar albasata, wannan takarda ya kawo miki Funtuwa.

Furera, ban gane fushinki ba. Don na hana Ridwanu shiga gidana sai ki kwashe kaya? Ni da na zo Legas da jakar leda, na yi dako a kasuwar Mile 12 har na mallaki rumfa uku, a gidana ake ambaton wani kamar waliyyi? Na san ɗan kawunki ne. Na kuma san ya nemi aurenki kafin ni. Buɗe kemis a Ikeja ba shi ne zama likita ba.

Shekara biyu kina fama da kumburin hanji, ga ƙiba. Wane asibiti ne ban kai ki ba? Shi kuwa robar kindirmo ɗaya ya kawo, wai akwai wasu halittu masu rai a ciki da za su taimaki hanjinki su rinjayi miyagun ƙwayoyin cuta, muddin ba ki bar maganin likita ba. Ya koya miki ɗibar iri daga na jiya ki zuba a sabuwar madara. Kika ɗan samu sauƙi, zane ya fara yi miki yawa, shi ke nan: Yaya Ridwanu ya ce, Yaya Ridwanu ya hana. Ni ko sannu da ƙoƙari.

To ga shi ciwon ya dawo. Ina halittun nasa? Ki dawo ɗakinki.

Mijinki,
Alhaji Yahuza

*

Agege
24 ga Maris

Maman Kausar,

Sallama da gaisuwa. Nata'ala ya ce kin rame, kuma ba ki ba shi amsa ba. Allah Ya ƙara sauƙi.

Akwai abin da zan faɗa, kada ki karanta a gaban Inna. Sati biyu kafin jikinki ya tashi, kullum in kin raka Kausar makaranta ina ɗora kindirmonki a wuta in tafasa shi, in mayar cikin firij. Wallahi ban zuba komai ba. Zuciyata ce ta ce namijin da ya ba matarka abu mai rai ta haɗiye, da wata manufa ya yi.

Sati biyu da suka wuce nawa cikin ya ɓaci. Na sha kafso ja da yalo yadda na saba, abin ya ƙaru. A asibiti likitar, mace ce 'yar Yarabawa, ta dubi tumbina ta ce kafson nan halittu masu kyau da miyagu duka yake kashewa a hanji. Sannan ta maimaita maganar Ridwanu kamar tare suka yi hadda. Na tambaye ta in an tafasa kindirmo fa? Ta ce ai gawa ka sha, oga. Ta ce irin ciwonki dama yakan lafa ya tashi, ba lallai laifina ba ne. Ni dai na san abin da hannuna ya yi.

Na bar motata, na hau danfo, bas ɗin haya, zuwa Ikeja don kada a gane ni. Na bi layi a kemis ɗinsa kamar kowa, na roƙi iri. Ya ba ni, bai yi dariya ba. Amma sau biyu ya tambayi jikinki, ina lura.

Yanzu da kaina nake dafa madara bayan asuba, in bari ta huce, in zuba irin, in rufe da tawul ɗinki. Yau kwana tara yana raye. Ki dawo ki sha daga hannuna, Furera. In kuma dole sai kin yabe shi, ki bari in fita kasuwa tukuna.

Ki gaida Inna, ki shafa min kan Kausar.

Naki,
Yahuza