Ka Dawo Mana da Muryar Iya Yadda Take

Zuwa ga mai situdiyon ɗaukar waƙa da ke unguwar Shamaki, Gombe.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ban sa sunanka ba, ban sa sunan wurin sana'arka ba, don ba kasuwarka nake son kashewa ba. Amma ka san kanka, kuma ka san ni. Ni ce matar nan daga Barunde da ta kawo maka mahaifiyarta bayan ƙaramar sallah. Na je wurinka da ƙafata, na kira ka har ka daina ɗauka, maigidana ma ya je ka bar shi a zaune a kan benci. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Saboda masu karatu, bari in faɗi ko wace ce ita. Sunanta Ya Falmata, mu kuma Iya muke ce mata. Ba mawaƙiyar kasuwa ba ce. A ƙauyenmu na Borno, ita mata ke ɗaukowa ranar lalle da ranar suna, ta zauna a tsakiyarsu tana jan baiti da harshen Kanuri, suna amsawa. Da rikici ya tashe mu, da kayan jikinmu muka iso Gombe. Ba mu fito da hoto ko ɗaya ba. Matan da ke yi mata amshi sun warwatse, wasu sun rasu. Abin da ya rage mana na garin yana cikin waƙoƙinta: sunayen rijiyoyi, da unguwanni, da dangi kowa da kirarinsa.

A bana likitoci suka ga ƙari a maƙogwaronta, suka ce sai an yi aiki. Ba su ɓoye mana ba, sun ce muryar ba lallai ta dawo ba. Wannan ne ya kai mu wurinka.

Na farko, ina tuna maka abin da na roƙe ka. Na ce ɗauka kawai nake so, kada a sa kiɗa, kada a taɓa komai. Ka ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan aikinmu ne." Iya ta ƙi kujerarka, muka shimfiɗa mata tabarma, ka sauko da makirufo daidai bakinta. Ta wuni tana yi tana hutawa, tana kurɓar ruwan ɗumi, ga zafin ciwo. Da muka fito ta kasa hawa Keke Napep sai da na tallafe ta, amma tana ta murmushi.

Na biyu, abin da ka ba mu. An yi aikin, Allah ya tashi kafaɗunta, amma magana ta koma raɗa, sai ka kai kunne kusa da bakinta. Da ta ɗan samu ƙarfi na karɓo filashi daga hannunka, na tara 'yan'uwa a tsakar gida, muka kunna. Sai ga wata siririyar murya mai santsi, mai amon ƙarfe, tana tsalle daga sama zuwa ƙasa kamar mai taka matakala, ga kiɗan kwamfuta a ƙarƙashi. Iya ta ja gefen mayafina, na sunkuya, ta ce, "Wace yarinya ce wannan? Wa ya koya mata waƙata?" Kawuna ne ya miƙa hannu ya kashe.

Na uku, bayanin da ka yi mini. Ka zaunar da ni gaban kwamfuta, ka buɗe manhajar nan ta gyaran murya da kuke kira ototun. Ka nuna mini muryar uwata an yayyanka ta gutsi-gutsi a kan wasu layuka, kana alfahari. Ka ce, "Kin gani? Duk nan ta kauce. Ɗaya bayan ɗaya na yi ta ja ina ɗorawa a kan layi."

Ta kauce daga ina, ranka ya daɗe? Wanda ya zana layukan nan ya taɓa zama a gidan lalle a garinmu? Gangarowar da take yi daga sama a hankali, haka waƙar take. Rawar muryar da ke ƙarshen baiti ba tsufa ba ne, tun ina yarinya haka take yi, ita ce alamar da mata ke jira su shigo da amshi. Ka miƙar da ita kamar an yi mata guga. Akwai wurin da ta ambaci yayana Modu, wanda tun ranar da muka gudo ba mu sake jin labarinsa ba. Muryarta ta karye a nan, ta ja dogon numfashi kafin ta ci gaba. Kana zaune ka ji. Ka ɗinke karyewar, ka yanke numfashin, ka ce hayaniya ce.

Ni ba gaba nake yi da na'urarka ba. 'Ya'yana suna jin waƙoƙin zamani, na san yawancinsu an taɓa su da ita. Saurayin da ya zo ya ce a gyara masa murya don waƙarsa ta shiga kasuwa, gyara masa, Allah ya ba da sa'a. Mu ba mu ce ba. Ba Kanuri kake ji ba, ba ka san waƙar ba, kuma ba ka ɗaga waya ka tambaye ni ba.

Na huɗu shi ne ya fi ƙona mini rai. Na ce to, ba ni ta asalin, wadda ba a taɓa ba. Ka kalle ni ido cikin ido ka ce ka goge, wai kwamfuta ta cika. Na fito na tsaya a bakin titi na yi kukana, na share fuska, na koma gida na ɓoye wa Iya. Na ɗauka ƙaddara ce.

Sai ga maƙwabciyata ta turo mini bidiyo daga shafinka na talla. An raba shi biyu, gefe guda an rubuta "Kafin gyara", ɗayan "Bayan gyara". A ƙarƙashin "Kafin gyara" muryar Iya ce, ta gaskiya, ka manna mata hoton fuska mai dariya har da hawaye. Ka rubuta cewa in ka iya gyara wannan, babu muryar da za ta gagare ka. Na karanta abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce kamar ƙyauren langa-langa ke kuka. Wata ta ce a ba kaka maganin tari. Kai kuma kana bi kana danna musu alamar so.

Ashe ba ka goge ba. Ka hana 'yarta, ka ba masu dariya. Kuma abin takaici, ɗan guntun nan shi ne kaɗai nake da shi. Nakan rufe rubuce-rubucen da babban yatsana in saurara, in ya ƙare in mayar baya.

Don haka ga abin da nake nema. Ka sauke bidiyon nan. Ka ba ni ɗaukar ranar gaba ɗaya yadda ta shiga makirufo, har da tarin, har da hirar da take yi tsakanin waƙa da waƙa. In na karɓa, ka goge nata duka daga kwamfutarka a gabana, da mai gyaran da marar gyaran. Ina kuma roƙon manyan wannan sana'a a Gombe su ja kunnen na ƙasa da su: a tambayi mai murya kafin a taɓa ta, a ajiye masa ta asali, kada a yi talla da muryar mutum ba da izininsa ba.

Labarin bidiyon ya kai kunnen Iya, wata 'yar'uwa ce ta gaya mata. Da ta ji zan rubuto maka, ta yafito ni da hannu, ta raɗa mini cewa in gaya maka ta yafe maka dariyar, muryarta kawai take so. Na isar da saƙonta yadda ta ba ni. Ni dai ban kai nan ba tukuna.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya sa ka zama mai riƙon amana. Allah ya ja kwanan mahaifanka in suna raye, ya ji ƙansu in sun rigaye mu, kuma kada ya nuna maka ranar da za a yi musu dariya a bainar jama'a.

Wassalam.

Yagana Bukar,
Barunde, Gombe.