Jan Zaren Tukwane

Litinin, 3 ga Maris
Kwana hamsin da rasuwar Baban yara. Shayinsa nake so, wanda yake jefa wa furen lafanda, wata shuka mai ƙamshi. Tukwanen shukarsa tara suna baranda, ni ko taɓa su na kasa.

Laraba, 5 ga Maris
Shekara talatin yana aikin lambun furanni, dokarsa ɗaya ce: tukunyar da ya fesa wa maganin ƙwari, ya ɗaura mata jan zare. Mai zare ba a ci. Ranar zaman makoki ƙanwarsa ta share baranda, ta tsinke zarurrukan duka, wai tsumma ne. Lafanda tukunya biyu ce. Ɗaya na da zare, wannan na tabbata. Wacce? Kullum ina wucewa ta gabansu, ban taɓa dubawa ba. Shi ke dubawa.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta zo. "Umma, furen nan fa turaren sabulu ne, ki zubar kafin ki kai mu asibiti." Na ce ubanki ya sha shekara ashirin. Ta ce, "To shi ya san wacce." Ta yi gaskiya, shi ya sa na ji haushi.

Lahadi, 9 ga Maris
Na tsinka, na sunsuna, na ajiye. Sau uku.

Talata, 11 ga Maris
Na je wurin aikinsa. Tsohon da suka yi aiki tare ya ce furen ana ci, amma ɗan tsinka da yatsa biyu, ba mansa na kwalba ba, kuma kada in ba mai ciki. Maganar feshi kuwa, "Ki aske su duka biyun, ki jira sabon toho." Na ce hannunsa fa ya taɓa rassan nan. Ya ce, "Hajiya, da almakashi ya taɓa su."

Juma'a, 14 ga Maris
Na aske. Barandar ta zama kamar kan jariri. Na kasa zama, na wanke labulayen da ba su yi datti ba.

Alhamis, 1 ga Mayu
Sun yi fure. Na wanke, na jefa ɗan kaɗan a shayi. Ya yi ɗaci, ba kamar nasa ba, na bar shi ya daɗe a wuta. Na dai shanye.

Ƙwari sun kama na'ana'a, na fesa mata magani. Jan zaren ya ƙare, na ɗaura shuɗi. Sai da na zo wanke-wanke na lura kofi ɗaya na fitar, ba biyu kamar yadda na saba ba.