Mijina Ya Cire Kujerun Motar Marigayi Yayana

Gwaggo mai filin shawara,

Don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Yau kwana ashirin da uku rabona da haɗa ido da mijina. Akwatina a haɗe yake a ƙarƙashin gado. Duk wanda na gaya wa dalili sai ya dube ni kamar wadda ta samu taɓin hankali, wai a kan kujerar mota. To, a kan kujerar motar ne, amma ki yi haƙuri ki ji daga farko.

Yaya ɗaya gare ni namiji, shi ya riƙe ni tun da mahaifinmu ya rasu. Shekara uku ke nan da shi ma ya bi shi, Allah ya jiƙansu. Bai bar wata dukiya ba sai 'yar ƙaramar mota ja mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin masu gudun nan da cikinsu ke neman shafar ƙasa. Tsohuwa ya saye ta, ya yi shekaru yana lallaɓa ta har ta dawo abar kallo. A cikinta ya koya mini tuƙi. Ni gajera ce, Gwaggo, ba abin ɓoyewa ba ne, sai an turo kujera gaba sosai kafin ƙafata ta kai birki. Da Yaya ya gaji da laluben wurin da ya dace da ni, sai ya ɗauki jan farcena ya ɗiga a jikin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, ya ce nan ne mazaunin Auta. Da aka zo raba kayansa duk gidanmu suka ce motar tawa ce. Takardunta ma sunana ne a jiki.

Shi kuma maigidan nawa, Falwaya abokansa ke ce masa, kuma ba su yi masa ƙage ba. Ko ƙofar ɗakinmu sai ya sunkuya yake shiga. Mai zanen gine-gine ne, kullum da tef ɗin awo a aljihu. Motar tare muke amfani da ita, ni in je asibitin da nake aikin gwajin jini, shi ya je duba gini. In ya shiga sai kansa ya tokare rufi, ya riƙa tuƙi wuya a karkace kamar mai sauraron gulma ta jikin bango.

Tunda shawara nake nema, bari in faɗi nawa laifin. Na yi masa dariya. Duk ramin da muka faɗa kansa ya bugi rufi, sai in yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye. Akwai lokacin da likita ya ɗaura masa abin nan na wuya, na ɗauke shi hoto na tura wa 'yan'uwana mata. Ya yi mini maganar a yi wani abu a kan kujerar ya kai sau huɗu, ni kuwa kullum amsata ɗaya ce, mota ba ta yi laifi ba, shi ne ya yi yawa.

Watan jiya aka tura ni kwas na kwana goma. Ranar da na dawo na tarar da motar a ƙofar gida an wanke ta tana ta ƙyalli, shi kuma yana tsaye a gefenta baki har kunne. Ya buɗe mini ƙofa. Gwaggo, babu kujerun Yaya. Wasu baƙaƙen abubuwa ne a wurinsu, masu tauri, masu zurfi kamar bokiti, da fukafukai a gefe, sai warin gam da sabuwar roba ke tashi. Wai kujerun motocin tsere ne. Ya shiga yi mini bayani da zumuɗi: ya auna ya gano kaurin soson tsohuwar kujera da ƙarafan da take gudu a kai sun cinye masa inci huɗu, don haka ya sa aka cire duka, aka huda ƙasan motar, aka ɗaure sababbin da noti kai tsaye. Ya zauna, ya miƙe wuya, ya cusa dunƙulen hannunsa tsakanin kansa da rufi don in ga wurin da ya samu.

Sai ya ce in gwada. Na zauna na nutse. Idona daidai tsakiyar sitiyari, ko bonet ba na hangowa. Na miƙe ƙafa iya tsawonta, tsakanin babban yatsana da birki ya fi taƙi guda. Na sa hannu ƙasa ina laluben abin turo kujera, babu, tana nan daram inda aka ɗaure ta daidai tsawon ƙafarsa. Shi ne ya fashe da dariya, ya ce ai abu mai sauƙi ne, in riƙa sa matashi biyu. Mutumin da awo ne abincinsa, ya auna kansa, ya auna rufi, bai tuna ya auna ƙafar mai motar ba.

Na tambaye shi ina tsofaffin. Ya ce ya bar su a gareji, bakaniken ya ce ba za su rasa amfani ba.

Da safe na je. Da na sani da ban je ba. A ƙarƙashin wata rumfar kwano mai tsatsa na same su. Ta direba an ɗora ta a kan tsohuwar taya, bakaniken ya baje a kai ba riga, tumbi a waje, yana sakace, suna karta da mai faci. Fatar da Yaya ke gogewa da ƙyalle na musamman ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga maiƙon abinci, ga ƙunar taba har wuri uku. Akwai wata 'yar yaga a gefe da Yaya ya ɗinke da hannunsa da shuɗin zare, wani ya yi ta tsinkar zaren don zaman banza har soso ya leƙo. Ɗayar kuwa tana bayan rumfa, ruwan sama ya jiƙa ta, kyanwa ta haihu a kai, ƙudaje sun yi mata dandazo. Ƙarafan suna cikin tarin ɓaraguzan da za a kai wa masu narkawa. Na durƙusa bakin kwata na yi amai. Shi kuwa bakaniken, bawan Allah, da ya ga haka sai ya tashi da sauri, ya karkaɗe kujerar Yaya da tsumman mai, ya ce in zauna in huta.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kullum in na dawo aiki na ajiye motar, ba na fita nan take. Sai in tura kujerar baya zuwa inda Yaya ke ajiye ta, in jingina. Soson ya ɗauki siffar jikinsa, akwai wani ɗan loɓawa wajen kafaɗar hagu saboda yadda yake kwantar da jiki wajen ƙofa. In rana ta daki motar har yanzu ƙamshin turarensa na tashi daga wurin jingina kai. A nan nake zama minti biyar ko goma in ba shi labarin yadda na yini. Mijina ya ɗauka waya nake yi, ni kuma na bar shi a haka, don ina jin kunyar a ce mace da girmanta tana hira da kujera.

Tun daga ranar garejin nan ƙyamarsa nake ji, kuma ban san yadda zan yi da ita ba. In yana tauna abinci sai tsigar jikina ta tashi. In na ga zara-zaran ƙafafunsa sun zarce ƙarshen gado sai in kawar da kai. Na ɗauke makullan motar na kulle a lokar ajiyata ta wurin aiki, yanzu daga ni har shi bas muke hawa. Ya ba ni haƙuri sau ɗaya, amma cewa ya yi da ya san tsohon soso zai ɓata mini rai haka da bai taɓa ba. Tsohon soso. Wannan kalmar ta fi dariyar tsaya mini a rai.

Mahaifiyata ta ce in ji tsoron Allah, ba a kashe aure a kan kujera. Yayata mace ta ce wasu dukansu ake yi suna zaune. Gaskiya ne shekararmu shida bai taɓa zagina ba, kuma ba shi da rowa. Amma ni yanzu in na dube shi, mutumin da ya jira na ba da baya nake gani. Gwaggo, in tafi ko in zauna? In kuma zama ne, yaya ake zama da wanda ake ƙyama?

Autar Yaya

*

'Yata,

Allah ya jiƙan yayanki, ya kai haske kabarinsa. Ba ki haukace ba, kuma ni ma da na karanta zancen garejin nan sai da na ture kofin shayina gefe. Amma bar akwatin nan inda yake tukuna, akwai aikin da ba ki yi ba.

Mijinki ya yi laifi, ba zan shafa masa mai ba. Ya taɓa abin da ba nasa ba. Ya zaɓi lokacin da ba ki nan, wanda ke nuna ya san in ya tambaya ba zai ji amsar da yake so ba. Ya mayar da motarki ta yadda shi kaɗai zai iya tuƙa ta, da kuma kika kasa taka birki, maimakon jikinsa ya yi sanyi sai ya kawo miki zancen matashi. Wannan son kai ne, ko da a cikin zumuɗi aka yi shi.

Sai dai laifi tudu ne, 'yata, kin taka naki kina hango nasa. Shekara uku bawan Allah yana tuƙi da karkataccen wuya har ta kai shi gaban likita, ke kuma kika mayar da shi abin nishaɗin 'yan'uwanki. Sau huɗu ya ƙwanƙwasa miki ƙofa kika kore shi da zolaya. Dariyar minti ɗaya da ya yi miki ta hana ki barci, to ki auna ta shekara uku. Ban ce wannan ya wanke shi ba, amma ya kamata ya rage miki zafin hukunci.

Babban abin kuwa shi ne bai san abin da ya jefar ba. A wurinsa tsohon soso ne da gaske, tunda ke da kanki kika ɓoye masa sauran. Kwana ashirin da uku kina hukunta shi a kan laifi biyu, shi kuwa ɗaya kawai ya san ya yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta fuskar motar, kada ki kuskura ki tuƙa ta da matashi, birki ɗaya mai ƙarfi zai zame da ke. Shi ma kada ya hau sai ƙwararre ya duba yadda aka ɗaure notukan, da inda aka maƙala bel ɗin ɗaure jiki, da hujojin da aka yi a ƙasa don kada tsatsa ta ci su. Akwai ƙarafa marasa tudu da kujera ke gudu a kansu, masu ba dogo wurin kai, gajere kuma ya turo gaba. Da kun zauna kun yi magana tun farko, da nan za ku ƙare. Tsofaffin kujerun a ɗauko su cikin makon nan, har da ƙarafansu kafin a narkar. Mai ɗinkin kujerun mota zai wanke fatar ya gyara abin da zai gyaru. Amma ba zan ruɗe ki ba, ƙamshin nan ya tafi, ba zai dawo ba. Ki yi kukansa, kina da haƙƙi.

Kafin duk wannan, ki zaunar da mijinki ki gaya masa abin da kike yi a cikin motar nan kullum, yadda kika gaya mini, ba ragi. Sannan ki ce shi zai je ya ɗauko kujerun da hannunsa, ba aike ba, kina tsaye. Ki lura da fuskarsa in ya ga abin da kika gani. In ya sunkuyar da kai, to kina da miji mai kuskure irin na kowa, kuma ƙyamar za ta riƙa sauka a hankali, don ciwo ne da bai samu hanyar fita ba. Ke ma ki nemi gafararsa a kan hoton nan. In kuwa ya ji komai ya sake cewa tsohon soso, to magana ta wuce kujera, ki kira babba daga gidansu da babba daga gidanku, a lokacin ne zancen akwati zai taso.

Shekara uku kina kai wa mamaci labarin yininki, mai rai yana cikin gida yana jiran ki gama waya. Shi ma ki ba shi labarin ko sau ɗaya, kafin ki yanke cewa ba zai iya saurare ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya tsare ku a kan hanya.

Gwaggonku