Ƙafafun Masallacin Baba

Jidda, 3 ga Rajab 1394

Zuwa ga Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da zafinku na Bur Sudan. Baba lafiyarsa lau, sai faɗan nan da kika san shi da shi.

Yaya, ƙaninki ya zama mai haɗa fim. Kar ki yi dariya tukuna. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya sayar mini da 'yar ƙaramar kyamara a tashar da nake aiki, wadda minti uku kacal take ɗauka zaren fim ɗinta ya ƙare. Na so in ɗauki masallacinmu na unguwar Ammariyya, Baba ya ce hoton fuskar mutum dai ba a inda yake limanci ba. Na ce to ƙafa fa? Ya yi shiru, ni kuwa na ɗauki shirun izini ne. Sati uku ke nan ina durƙusawa bakin famfon alwala ina ɗaukar ƙafafu da hannaye da ruwa, babu fuska, babu magana, babu kiɗa. Abokaina masu kallon finafinan Masar sun ce wannan ba fim ba ne, ciwon kai ne. Ni dai ina ji da abina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin tuna Husaini mai abinci, ɗan daudun nan na Kano da ke tuƙa wa alhazai tuwo a bakin Balad, tsohon garin Jidda? Alhaji Idris mai kanti ya tara dattawa shida sun zo wa Baba da cewa a hana shi shiga masallaci. Wai tafiyarsa ta mata ce, wai shekara goma sha biyu suna ɗaki ɗaya da Othman direba, ba aure ba niyyar aure. Sun ba Baba zuwa farkon azumi ya yanke. Da ma in Husaini ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa, a bar fili kamar an zubar da miya a wurin. Wannan filin ma na ɗauke shi.

Na tambayi Husaini ko ya yarda in ɗauki ƙafarsa. Ya riƙe ƙugu ya ce, "Ɗauka mana, ɗan Malam. Shekara talatin ƙafar nan tana zuwa salla, ba wanda ya taɓa ce mata sannu."

Na aika zaren Berut a wanke. In ya dawo zan haska wa dattawan.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Abdulghani


Bur Sudan, 19 ga Rajab 1394

Abdulghani,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Wasiƙarka ta iso, na kuma yi dariyar da ka hana ni. Mutane na zuwa silima su ga kyawawan fuskoki, kai ka tara musu dugadugai. Allah ya shirye ka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ban taɓa sakin jiki da Husaini ba. Abin da ake faɗa a kansa yana damuna, ban kuma san yadda zan ajiye shi a raina ba. Amma akwai abin da kai ba ka sani ba, don kana ƙarami. Rasuwar Inna ta faɗo tsakiyar aikin hajji, kowa ya ruga neman na kansa wurin alhazai. Husaini ya kashe murhunsa na kasuwa kwana bakwai, ya zo zaurenmu yana dafa wa masu ta'aziyya. Alhaji Idris ya ci har ya nemi ƙari. Ni na miƙa masa kwanon.

Baba bai manta ba, shi ya sa abin yake cinsa. Sai dai ka tuna Baban nan namu da ƙafa ya taso daga Katsina, shekara bakwai a hanya, kuma masallacin nan da mutanen cikinsa su ne duk abin da ya tara a duniya. In dattawa suka juya masa baya, da wa zai zauna? Tsoro nake ji. Ka nuna masa abin naka shi kaɗai, kar ka tsayar da shi gaban mutane babu shiri. Na san taurin kanka, don a bayana ka yi shi.

Ka ce wa Baba ina neman albarka.
Yayarka, Rabi'atu


Jidda, 22 ga Sha'aban 1394

Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum, gaisuwa da fatan alheri. Wallahi na bi maganarki. Baba ne ya ƙi, ya ce abin da za a nuna a nuna shi gaban kowa, halas, magana ta ƙare.

Shekaranjiya bayan magariba na rataya farin haramin Baba a bangon tsakar gida, na kunna injin majigi. Dattawa bakwai suka zauna a tabarma, Baba a gefe ya lulluɓe ƙafafunsa da riga. Husaini bai zo ba, ya ce yana da miya a wuta.

Minti na farko gunaguni suka yi ta yi, ina mutanen, ina kawunansu. Can sai abin ya koma wasa, kowa na ƙoƙarin gane ƙafar wani. Da aka zo kan wata ƙafa mai tabon ƙuna, Malam Abdulghaffar ya ce, "Masha Allah, wannan ta malami ce, ku dubi yadda yake tsefe tsakanin yatsu." Duk suka gyaɗa kai.

Sai ga wata ƙafa ta ɗago ƙarƙashin famfo, tafinta da dunduniyarta jawur da lalle. Alhaji Idris ya miƙe tsaye har inuwarsa ta rufe rabin bangon. Ya ce, "Yalla, ga ta nan. Ya Malam, ka gani da idonka. Namiji da lalle a ɗakin Allah. Wannan ƙafar ko kusa da tabarmar masallaci bai kamata ta zo ba."

Yaya, ni na san ƙafar. Baba bai yi gaggawa ba. Ya janye rigarsa, ya miƙa ƙafa cikin hasken injin. Ya ce, "Faso ne, Alhaji. Lalle ke kwantar mini da shi, kamar yadda yake kwantar wa mahaifinka, Allah ya jiƙansa." Sannan ya ce, "Sauran ƙafafun ga su can. Nuna mana ta Husainin."

Bai iya ba. Ba wanda ya iya. Ni na san ta Husaini ita ce mai tabon ƙunar nan, man suya ne ya zubo masa, amma ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa musu ba. Da filin nan na sahu ya fito a ƙarshe, kowa ya gan shi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, Alhaji Idris ko sallama babu.

Har yau ban san me Baba zai yanke ba. Amma ni na haɗa minti taran nan da almakashi da gam, kuma ban taɓa alfahari da wani abu kamarsu ba.

Ki sa mu a addu'a.
Abdulghani


Jidda, 2 ga Ramadan 1394

Daga Malam Hamad zuwa ga 'yarsa Rabi'atu.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina yi miki barka da shigowar wata. Allah ya yi miki albarka.

Na ba dattawa amsarsu. Na ce limami aka naɗa ni, ba mai gadin ƙofa ba. Abin da ke tsakanin Husaini da Ubangijinsa ban gani ba, ba a kuma ba ni hukuncinsa ba. Alhaji Idris ya koma wani masallaci, mutane sun bi shi. Kar ki yi wa ƙaninki faɗa. Har yanzu ban san sunan abin da ya yi ba, amma na faɗa gaban jama'a cewa ɗana ne, kuma na ji daɗin faɗa.

Jiya da azahar Abdulghani yana wurin aiki. Na yi ta jira, mutum ɗaya ya zo. Ya tsaya can baya kusa da takalma. Na ce, "Husaini, in mutum biyu ne, mamu a daman liman yake tsayawa. Matso." Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ya yi kuka har raka'a ta biyu, amma sallarsa ta yi, tawa ma ta yi.

Wassalam.
Mahaifinki